Kilo 39 a wata takwas kuma sikeli bai daina sauka ba, anya ban wuce gona da iri ba?

Wata 'yar'uwa ce ta turo wannan saƙon, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Wata takwas kenan da aka yi min tiyatar rage ƙiba, irin wadda ake ce wa baifas. Kafin aikin kilo 118 gare ni, tsayina mita 1.63, ga ciwon suga ga hawan jini ga ciwon gwiwa. Yanzu na dawo 79 kuma har yau sikeli sauka yake. Da farko murna nake, yanzu kam tsoro ya fara shiga ta. Duk wanda ya gan ni sai ya ce lafiya kuwa? Mahaifiyata har kuka ta yi. Gashina zuba yake, sanyi nake ji ko da rana tsaka, zobena ma ya daina zama a yatsa. Kusan sati uku kenan in na ci nama ko wani abu mai tauri sai ya tsaya min a ƙirji in yi amai, kwanan nan ma kusan kullum. Bitamin ɗin da aka ba ni na ajiye su saboda tashin zuciya suke sa ni. Na fara shan lemo mai zaƙi da alewa ko ramar za ta tsaya. Ya zan yi in daina ramewa? Anya ban yi kuskure ba?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu, sannu da fama, Allah ya ƙara lafiya.

Sau biyu na karanta saƙonki, kuma gaskiya kilo 79 ɗin nan bai tayar min da hankali ba ko kaɗan, zan dawo kansa in nuna miki lissafin. Inda gabana ya faɗi layi biyu ne da kika saka a tsakiya kamar ba komai ba, wato aman nan na sati uku da kuma bitamin ɗin da kika ajiye. Da su zan fara, domin su ne ba sa jira.

Akwai bitamin da ake kira B1 ko tayamin, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba sa iya aiki ba tare da shi ba, kuma jiki ba ya tara shi da yawa, abin da ke ajiye bai wuce ya kai mutum sati biyu zuwa uku ba in ba ya samun wani. Toh ki duba halin da kike ciki: ciki ƙarami, abinci kaɗan, kaɗan ɗin ma yana dawowa, ƙwayar da za ta cike gurbin kuma tana cikin durowa, sannan ga zaƙi da kika ƙara, shi kuwa suga da tayamin jiki ke sarrafa shi, wato yana ƙara cinye ɗan abin da ya rage. Wannan haɗin shi ne likitocin wannan fanni suka fi tsoro. In B1 ya ƙare mutum yana iya fara ruɗewa, mantuwa, ganin abu bibbiyu, ido yana rawa, tafiya da tangaɗi kamar ƙasa na juyawa, ƙafafu su yi nauyi ko su riƙa zugi da ƙaiƙayi kamar ana tsira allura. In an kama shi da wuri allura ce ake yi kuma ana warwarewa, in aka yi sakaci yana iya barin tabon da ba ya gogewa. Ba tsorata ki nake son yi ba wallahi, so nake ki ɗauki waya yau ɗin nan, ki kira asibitin da suka yi miki aikin, ki ce musu sati uku kina amai kuma kin daina shan bitamin. Kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati. Idan kuwa kin riga kin fara jin ko ɗaya daga cikin alamun da na lissafa, ko ruwa ma ya daina zama a cikinki, to sashen gaggawa za ki nufa, kuma da kin isa ki faɗa musu an yi miki baifas, ki roƙe su su tuna da tayamin kafin su ɗaura miki ƙarin ruwa mai suga, domin ruwan suga a jikin da B1 ya ƙare yana iya ƙara dagula lamarin.

Shi kuma abincin da ke tsaya miki a ƙirji, kin san yadda aka yi aikin: an yanke wata 'yar jaka daga saman ciki wadda girmanta bai fi ƙwai ba, aka jona ta kai tsaye da ƙaramin hanji, sauran cikin da farkon hanjin abinci ya daina bi ta cikinsu. Wannan mahaɗar 'yar ƙofa ce ƙarama. Wani lokacin matsalar ba ta wuce gaggawar ci ba, ko loma babba, ko nama busasshe da ba a tauna ya yi laushi ba. Amma mutumin da watanni yana cin abu lafiya sai kwatsam ya fara dawowa, kuma abin yana ƙaruwa, dole a leƙa a gani. Ƙofar na iya tsukewa, gyambo na iya fitowa a bakin mahaɗar, kuma gyambon ma in yana warkewa yakan ja wurin ya matse. Da 'yar kyamarar nan da ake zurawa ta maƙogwaro ake dubawa, in tsukewa ce ana faɗaɗa wurin da ɗan balan-balan a lokacin, ba sai an sake yanka ki ba, in gyambo ne magani ake bayarwa. Af, tunda kin ambaci ciwon gwiwa bari in tambaye ki, ba kya shan ibufurofen ko daiklofenak ko ire-irensu dai ko? Su da taba sigari su ne manyan masu jawo gyambon nan bayan baifas. In kina sha ki tsaya, ki faɗa wa likita ya canza miki.

Toh yanzu lissafi. Ma'aunin BMI shi ne a raba nauyin mutum da tsayinsa sau tsayinsa. Lokacin da kike 118 naki ya haura 44. Yanzu a 79 yana wajen 29.7, wato a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya yanzu ne ma kika fito daga rukunin ƙiba kika shiga na masu ɗan nauyin da ya wuce kima. Sai kin sauko wajen kilo 66 kafin a ce kin shiga matsakaici, sai kin faɗo ƙasa da kilo 49 kafin a ce ramarki ta yi yawa, domin iyakar ita ce 18.5. Kin ga tsakaninki da wannan iyakar akwai kilo 30 cif. Kilo 39 ɗin da kika sauke kashi ɗaya bisa uku ne na nauyinki na da, wanda kusan shi ne abin da ake sa ran baifas zai yi, sai dai ke kin kai wurin da ɗan wuri, kuma ina kyautata zaton aman nan na kwanan nan ya ƙara wa abin gudu.

Kuma ramar bayan tiyata tana da yadda take tafiya. Wata uku zuwa shidan farko kamar ana zuge ki, kaya suna zubewa a jiki, daga nan sai ta rage gudu, sati ya wuce kilo ɗaya, wani satin ma ba komai, har zuwa wajen wata 12 zuwa 18 inda yawanci take tsayawa da kanta, domin jikin da ya ragu buƙatarsa ma ta ragu, 'yar jakar ta saba tana ɗaukar abin da ya fi na da, yunwa kuma ta fara dawowa. Bayan nan ma mutane da yawa sukan mayar da 'yan kiloli. Maganar gaskiya abin da asibitocin nan suka fi fama da shi bayan shekara biyu uku shi ne dawowar ƙiba, su waɗanda ramarsu ke zarcewa har ta zama cuta 'yan kaɗan ne, kuma kusan ko yaushe in aka bincika akwai dalili a ƙasa, amai ko gudawa ko gyambo ko damuwa, wanda in aka magance shi ramar take tsayawa. Shi ya sa na ƙi amsa miki tambayar "ya zan daina ramewa" kai tsaye, na kama aman.

Maganar mutane kuma, ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai kimar da idonsu ya sani ita ce ta ke mai kilo 118. Shekara da shekaru da wannan fuskar suka san ki. Rama mai sauri a fuska da wuya take fara nunawa, kumatu su faɗa, ƙashin wuya ya fito, fata ta saki domin ba ta iya bin jiki da irin wannan gudun, sai mutum ya yi kama da wanda ya tashi daga jinya ko da ƙalau yake. Ke kanki ƙila in kin wuce ta gaban madubi sai kin ɗan tsaya kafin ki gane kanki, ƙwaƙwalwa tana jimawa ba ta sabunta hoton jikin da take riƙe da shi ba. Masu tambayar lafiya kuwa ba dole sai kin yi wa kowa bayani ba, "lafiya lau, likita na bibiya ta" ya wadatar. Amma mahaifiya daban ce. Ita kukanta na tsoro ne, ta ga 'yarta tana narkewa a gabanta tana tura faranti bayan loma huɗu, wace uwa ce ba za ta firgita ba? Shawarata ki tafi da ita asibiti ranar da za ki je, ta ji daga bakin likita, ta ga sakamakon gwajin suga da na hawan jini na da da na yanzu. Kuma ki ba ta aiki, uwa in ba ta da abin da za ta yi wa ɗanta damuwarta ninkuwa take. Ki ce Mama ke ce mai tuna min da maganina safe da yamma, ke ce mai dafa min abu ya yi laushi. Za ki ga ta samu natsuwa.

Zubar gashi tana da ciwo a rai, na sani, mace ta taje kai ta ga matajin ya cika, sai ta zauna riƙe da shi tana kallo. Amma sananniyar aba ce, takan fara wajen wata na uku zuwa na shida bayan aiki, saboda jikin da ya sha tiyata ga rama mai sauri yakan dakatar da abin da ba dole ba, saiwar gashin ba ta mutu ba, hutu ta tafi, kuma yana dawowa. In ya zarce har kusan shekara yana zuba toh a duba ayon (sinadarin ƙarfe da jiki ke yin jini da shi) da sinadarin zinki da furotin. Sanyin ma haka, kitsen da ke rufe ki kamar bargo ya tafi, jiki kuma ya rage wutar da yake hurawa, amma ƙarancin jini da matsalar tayirod (ƙullin da ke gaban wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci) ma suna sa jin sanyi, dan haka a haɗa su a gwaji. Zobe kuwa ki cire ki adana kafin ya sulale ya ɓata, kada ki kai a rage shi yanzu, ki bari nauyin ya zauna tukuna.

Lemo da alewa kam dan Allah ki bari. Na fahimci tunanin, amma ba za su ba ki abin da kike nema ba. Jikinki furotin da bitamin yake kuka, suga ba ya gina tsoka ko gashi ko jini, wurin abinci kawai yake cinyewa a jakar da dama ba ta da fili. Ga shi kuma bayan baifas zaƙi yana zubowa hanji kai tsaye ba tare da wani abu ya rage masa gudu ba, cikin minti 10 zuwa 30 sai bugun zuciya, gumi, jiri, murɗar ciki, gudawa, wani kuma sai bayan awa 1 zuwa 3 sugansa ya faɗi warwas ya kama rawar jiki. Banda wannan, ke da kika sha fama da ciwon suga, kuma abin sha mai zaƙi shi ne hanya mafi sauƙi da ƙiba ke bi ta dawo bayan tiyata tunda ruwa ba ya tsayawa a jakar, wucewa yake. Kar tsoron wata takwas ya koya miki ɗabi'ar da za ki yi shekaru kina yaƙi da ita.

Abin da za ki sa a gaba shi ne furotin, aƙalla giram 60 a rana, wasu ma ana ce musu su fi haka, mai kula da abinci na asibitinku zai faɗa miki naki. Don ki samu abin kwatance, ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6, kofin madara wajen 8, giram 100 na dafaffen kifi ya haura 20. Tunda yanzu mai tauri ba ya wucewa, kafin a duba ki ki koma baya zuwa mai laushi kamar yadda kika yi a makonnin farko, ƙwai mai taushi, kifi, yogot marar suga, wake da aka dafa ya narke, naman da aka niƙa da romo, da garin furotin ɗin nan da ake damawa in an rubuta miki. Ƙaramin faranti, ƙaramin cokali, sau biyar ko shida a rana, furotin a fara ci kafin komai, kowace loma a tauna har ta zama kamar kunu, a ajiye cokali tsakanin loma da loma, a ba cin minti 20 zuwa 30. Kuma kada ki jira yunwa, bayan irin wannan aikin yunwa ba abar dogaro ba ce, ki sa ƙararrawa a waya ki ci da agogo. Ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi a rana, kurɓi kurɓi, amma ba tare da abinci ba, ki bar kamar rabin awa bayan ci. In daga baya likita ya ga da gaske ana buƙatar rage gudun ramar, da abu mai gina jiki ake ƙara ƙarfin abinci, ɗan mai mai kyau, gyaɗa da danginta, madara mai kitse, ba da alewa ba.

Bitamin kuwa bayan baifas na har abada ne, wannan ba ya cikin abin da ake sasantawa. Wurin da jiki ya fi tsotsar ayon da kalshiyam shi ne farkon hanjin nan da aka tsallake, B12 kuma yana buƙatar ruwan ciki da wani sinadari da cikin ke fitarwa, wanda yanzu abinci ba ya haɗuwa da shi yadda ya kamata. Muguntar abin ita ce B12 yana iya ɗaukar shekaru kafin ƙarancinsa ya nuna, sai mutum ya ɗauka ai na daina sha ban ga komai ba. In ƙwayar tana tayar miki da zuciya, yawanci ayon ɗin da ke ciki ne, kuma akwai mafita da yawa, akwai na taunawa, akwai na ruwa, ana iya raba shi, ana iya sha bayan an ɗan ci wani abu ko dab da kwanciya, B12 akwai allura, ayon ma ana iya ba da shi ta jijiya. Kalshiyam da ayon kuma a raba su da kamar awa biyu don suna hana juna shiga. Ki nemi a yi miki cikakken gwajin jini: yawan jini, ayon, B1, B12, folik asid, bitamin D, kalshiyam, zinki, da albumin wanda ke taimakawa a gane ko furotin ya yi ƙasa.

Sai 'yan abubuwa da ba ki tambaya ba amma zan faɗa a gurguje. In har yanzu kina shan maganin suga da na hawan jini a adadin da kike sha kina 118, ki sa a sake duba su, jirin da ake ɗora wa rama wani lokacin magani ne ya yi yawa. Rama mai sauri tana jawo tsakuwa a maɗaciya, in kin ji ciwo a saman ciki ta dama musamman bayan cin maiƙo ki faɗa. Ciwon ciki mai tsanani da ke zuwa yana tafiya shi ma ba a zama da shi a gida bayan baifas, hanji na iya sarƙewa. In kuma kina shekarun haihuwa, ki sani rama tana buɗe haihuwa ko ga wadda ta daɗe ba ta samu ba, ana so a jira wata 12 zuwa 18 kafin ɗaukar ciki, ƙwayoyin tsarin iyali na sha kuma ba lallai su shiga jiki daidai ba bayan baifas, amai ga mace a wannan matakin ma a yi gwajin ciki a cire shakku. Kuma ki motsa jiki da abin da ke gina tsoka, ko da tashi da zama ne daga kujera sau goma, ko ɗaga gorar ruwa, domin a ramar nan ba kitse kaɗai ke tafiya ba, tsoka ma tana bi, ita ce kuwa ke riƙe gwiwar nan taki.

Ramar da za a kira ta yi yawa da gaske tana da kamanninta: BMI ya doshi 18.5, ko an wuce shekara ɗaya da rabi sikeli bai daina gudu ba, ƙafafu suna kumbura, hawa bene ya gagara, ciwo ba ya warkewa, gudawa mai maiƙo kullum. Ko a nan ma ba a rasa abin yi, akwai abincin ruwa na musamman, akwai ciyarwa ta bututu na ɗan lokaci, a can ƙarshe ma baifas ana iya gyara shi ko a mayar da shi. Ke ba ki kusa da nan.

Akwai kuma tambaya ɗaya da nake so ki yi wa kanki ke kaɗai, ba sai kin ba ni amsa ba. Wani lokacin kina ƙin ci ne don tsoron amai, ko akwai wani ɓangare na zuciyarki da ke tsoron kilo ɗaya ya dawo? Kina jin daɗin abubuwan da kika saba jin daɗinsu, kina barci? Mutumin da ya yi shekaru abinci ne abokin hirarsa in ransa ya ɓaci, rana ɗaya aka raba su, yakan shiga wani irin kaɗaici da ba ya iya faɗa wa kowa, wasu damuwa ta kama su, wasu su koma ƙyamar abinci gaba ɗaya. In kin ji wani abu a nan ya taɓa ki, ki faɗa wa likitan kamar yadda za ki faɗi aman, akwai masu kula da wannan ɓangaren kuma yana daga cikin jinyar.

Kin tambaye ni ko kin yi kuskure. Mace mai BMI 44 da suga da hawan jini da gwiwar da ta gaji, irinki ce aka tanadi wannan aikin dominta, ban ga kuskure a shawarar da kika yanke ba. Abin da ya kauce shi ne sati ukun nan da kika yi kina fama ke kaɗai, kuma gyaransa yana hannunki yau. Kafin ki kira su ki ɗauki takarda ki rubuta ranar da aman ya fara, sau nawa a rana, me kika ci kafin ya zo, ruwa yana zama ko ba ya zama, ranar da kika ajiye bitamin, da duk wani magani da kike sha har na ciwon gwiwa. Sikelin kuma ki rage hawa, sau ɗaya a sati da safe ya isa. In an duba ki dan Allah ki sake rubuto min in ji abin da aka gani, zan so in san ya aman ya ƙare da kuma yadda Mama ta ji bayan ta gana da likitan. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.